Attahiru, Pari ko Embers: Wanne Ƙungiyarku Za Ta Iya Ɗauka?

Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta jami'a ko ta kwalejin ilimi da ta gaji da maimaita Jatau na Kyallu da Uwar Gulma da Kulɓa na Ɓarna, in ta tashi neman sabon abu sai ta tarar kasuwar ba ta cika ba. Tun da fim ya bunƙasa a Kano a shekarun 1990, mafi yawan masu hannu a rubuta zance tsakanin 'yan wasa suka koma can, wasan daɓe ya rasa marubuta. Akwai waɗanda ba su saki ba, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da wasansa Malam Zalimu ya ci gasar Injiniya Bashir Ƙaraye a 2009, amma ba su taka kara sun karya ba wajen yawa. Shi ya sa masu ba da umarni da yawa ke leƙawa cikin wasannin da aka rubuta da Turanci waɗanda labarinsu na Arewa ne. Uku daga cikinsu sun fi dacewa a auna: Attahiru (1999) da Pari (2016), duka na Ahmed Yerima, da kuma Embers na Soji Cole, wanda ya ci kyautar adabi ta kamfanin gas na NLNG a 2018, kyautar da ke zuwa da dala 100,000.

Dukansu sun cancanci karatu. Abin da ya raba su shi ne nauyin da kowanne ke ɗora wa mai son sa shi a dandamali, kuma nauyin ba iri ɗaya ba ne. Na farko yana cin mutane da tufafi, na biyu yana cin gwanintar 'yan wasa ƙalilan, na uku yana cin murya da haƙurin 'yan kallo.

A fara da Attahiru, domin shi ne wanda kowa ke kwaɗayi. Labarin Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya ne, wanda ya hau gado a ƙarshen 1902, sojojin Turawan mulkin mallaka na Lugga (Lugard) suka ci Kano a watan Fabrairun 1903, suka iso Sakkwato a ranar 15 ga Maris, shi kuma ya yi hijira gabas har aka kashe shi a Burmi a ranar 27 ga Yulin shekarar. 'Yan kallo a Sakkwato ko Kano ko Gombe sun san wannan tarihi tun kafin su zauna, kuma wannan riba ce babba: ba sai an ɓata lokaci ana gabatar da mutane ba. Ƙarfin wasan yana cikin fada, inda ake shawarar a yi yaƙi, ko a yi sulhu, ko a yi hijira. A takarda wannan muhawara takan yi kama da darasin tarihi. A dandamali, in an samu masu murya da natsuwa, tsigar jiki ce ke tashi.

Sai dai fada ba ta cika da mutum biyar. Sarki, waziri, sarakunan yaƙi, malamai, dogarai, masu busa, talakawa, Turawa da sojojinsu: ko da an ba mutum ɗaya rawa biyu, ƙungiyar da ba ta da maza ashirin zuwa ashirin da biyar masu zuwa gwaji kullum za ta sha wuya. Mata kuwa kusan ba su da abin yi a ciki, alhali a yawancin ƙungiyoyin ɗalibai su ne suka fi juriyar zuwa. Wannan kaɗai ya isa ya sa wasu ƙungiyoyi su haƙura.

Tufafi su ne rami na biyu. Manyan riguna da alkyabba da rawuna ba a ɗinka su da kuɗin ƙungiyar ɗalibai, aro ake yi, kuma aro daga gidan sarauta sai da wanda zai tsaya. A nemi mai naɗi na gaske ya zo ranar wasa, domin rawanin da ɗalibi ya naɗa wa kansa yakan warware daidai lokacin da ya durƙusa gaisuwa. Mai naɗi ɗaya ba zai gama mutum goma sha biyar cikin rabin sa'a ba, don haka a fara shiri sa'o'i biyu kafin buɗe labule. A kuma kula da wa aka yi wa naɗi mai kunnuwa biyu, domin alamar gidan sarauta ce, kuma a cikin 'yan kallo ba a rasa wanda zai lura. Akwai wata matsala da ba a ganinta sai an kunna fitila: farar riga tana mayar da haske, rawani da amawali suna yi wa fuska inuwa, sai a ga tufafi suna magana babu mutum a ciki. Maganinta a sauko da fitilun gaba ƙasa kaɗan, a sa su daga gefe biyu, a zaɓi haske mai ɗan ja-ja maimakon fari fat.

Yaƙin kuwa kada a yi shi a gaban mutane. Ɗalibai goma na sara da takubban katako a fili mai faɗin taku goma sha biyu dariya suke jawowa, a wurin da ake son a yi tsit. A bar shi bayan labule: tambari, kabbara, ƙarar bindiga mai ruwa daga lasifika, sai mutum ɗaya ya shigo da rauni. Kada a kuskura a fasa abin ƙara na wasan yara a cikin zaure, mutane sun ga abin da suka gani a shekarun nan, turmutsitsi za a yi a bakin ƙofa. Tutoci kuma a bar su farare, ba rubutun aya ko sunan Allah, tunda a ƙarshe ƙasa za su faɗi. Haka littafin da malami zai riƙe, a naɗe wani littafi daban a gafaka.

In za a mayar da shi Hausa, akwai dabarar da ke ƙara masa armashi: fada ta yi Sakkwatanci, da "wanga" da "mi" da "tahi", Turawa su tsaya a Turancinsu, tafinta ya shiga tsakani. Tarihi ma ya goyi bayan sojojin Lugga su yi Hausa, domin da yawansu Hausawa ne. Masu fitowa a Turawa ba sa bukatar hoda a fuska. Kaki da gajeren wando da doguwar safa da hular kwano sun wadatar, hoda kuwa da zarar zufa ta keto ta zama abin ba'a.

Pari kishiyar wannan ne ta kowace fuska. Yerima ya ɗauko shi daga sace 'yan matan Chibok 276 da aka yi a daren 14 ga Afrilun 2014, amma bai bi dajin ba, ya zauna a cikin gida ɗaya. Iyaye Kirista ne da aka sace musu 'ya. Uwar, don tsananin neman mafita, ta koma yin addu'a irin ta Musulmi ko Allah zai dawo mata da ita. Yarinyar ta dawo, amma da goyo, kuma mutumin da aka aura mata a can bai fita daga rayuwarta ba. Kayan dandamali kujeru ne da tabarma da ƙofa. Ƙungiya mai mutum goma za ta iya, kuma kuɗin da za a kashe bai kai rubu'in na Attahiru ba.

Arharsa ita ce tarkonsa. A Attahiru ɗan wasa mai rauni yana iya ɓuya a bayan rawani da taron fada. A nan babu wurin ɓuya. Uwar da yarinyar su ne ginshiƙi, kuma in ɗayarsu ta ɗauki salon kukan fim, wato a fara sheshsheƙa tun fitowa ta farko a ci gaba har ƙarshe, wasan ya mutu kafin a kai rabi. Mai ba da umarni ya zauna da rubutun ya sa alama a wuri ɗaya ko biyu kacal da za a bari hawaye ya zubo, sauran duk a riƙe. Wadda za ta fito a yarinyar tana bukatar iya yin shiru a gaban mutane ɗari biyu ba tare da ta sunkuyar da kai don kunya ba, kuma wannan ya fi haddace dogon jawabi wuya. Idan babu irin waɗannan biyun a ƙungiya, a ajiye Pari sai wata shekara.

Wani ƙaramin abu da ke tona asirin masu gaggawa shi ne jaririn. 'Yar tsana ta roba ba ta da nauyi, sai a ga mai goyo tana juyi da ita kamar ta ɗauki filo. A ɗinka ƙaramin buhu a zuba yashi kilo biyu zuwa uku, a naɗe a zane, a ba ta tun makon farko na gwaji. Tafiyarta da zamanta za su canja da kansu.

Batun addini shi ne abin da ya kamata a yi wa dogon tunani. Wasan yana taɓa coci da masallaci duka, kuma a makarantar da ke da Musulmi da Kirista, jimla ɗaya da aka ciro daga mahallinta aka yaɗa a waya ta isa ta tayar da ƙura. Abin da ke aiki shi ne a gayyaci shugabannin ƙungiyoyin ɗalibai na addinan biyu su kalli cikakken gwaji mako guda kafin ranar, su ga labarin daga farko har ƙarshe, maimakon su ji shi a bakin wani. Wurin addu'ar uwar a nuna shi da sutura da zama da ɗaga hannu, ba sai an kwaikwayi salla raka'a-raka'a ba. A hana ɗaukar bidiyo da waya a cikin zaure, a faɗi dalili tun kafin a fara. Zaman miji da mata kuma ana iya tsara shi babu taɓa juna: tazarar da ke tsakanin kujerunsu, da wanda ya juya wa wani baya, sun fi riƙe hannu faɗin halin da auren yake ciki.

Embers yana tsakiya. A sansanin 'yan gudun hijira na Arewa maso Gabas yake, kuma jigoginsa mata ne: wata babba mai suna Talatu da 'yan matan da ke kewaye da ita, kowacce da abin da ya koro ta. Soji Cole bai tsaya kan 'yan Boko Haram kaɗai ba, ya juya kan waɗanda aka ba amanar sansanin, masu kaki da jami'ai da 'yan siyasa, da yadda ake cin abincin marasa galihu ana kuma cin mutuncinsu. Ga ƙungiyar da mata suka fi yawa, babu na biyunsa a cikin ukun. Wurin ma ɗaya ne, kuma kayansa suna nan a kowace kasuwa: tamfol biyu ko uku, jarkoki, bokitai, igiyar shanya, murhun duwatsu. Tsofaffi ake so, sabon tamfol mai sheƙi yana ƙaryata labarin. Shi ne kuma kaɗai a cikinsu da hasken rana ke yi wa kyau, don haka ana iya yin sa a fili da yamma ba tare da fitila ko ɗaya ba.

Inda yake ba da wahala shi ne yawan ba da labari. Mutanen cikinsa suna faɗin abin da ya riga ya faru, kuma a karatu wannan yana da daɗi ƙwarai, watakila ma shi ya fi sauran biyun daɗin karantawa a zaune. A dandamali kuwa, mace ɗaya tana magana minti huɗu sauran suna tsaye hannu rabbana, nan take za a ga hasken wayoyi a cikin 'yan kallo. Dole kowane dogon jawabi ya samu aikin hannu: ana tsintar shinkafa, ana kitso, ana wanki, ana layin ruwa. Mai magana ta ci gaba da aikinta, ta dakata da shi kawai a jimlar da ta fi ciwo. Masu sauraro a cikin wasan su ma a ba kowacce abin yi da lokacin da za ta ɗago kai.

Fassara shi zuwa Hausa tana bukatar mai kunya da wayo. Maganar fyaɗe da sayar da jiki don abinci tana wucewa a Turanci ba a ji nauyinta sosai ba, amma in aka faɗe ta gatsau da Hausa a gaban iyaye da malamai, ko dai a tashi a fita, ko samarin baya su mayar da ita abin shewa. Hausa tana da sakaya mai kaifi, kuma "ya kira ni tantinsa da dare, da safe aka ba mu mudu biyu" ya fi kowace kalma ta kai tsaye huda zuciya. Kakin soja kuma a yi hattara da shi. Sojoji ba sa wasa da farar hula da ya sa kayansu, saboda haka a ɗinka kore marar zane, a kawo shi a jaka, a sa a cikin zaure, a cire kafin a fita. Bindigogin katako su ma a buhu za su zo su koma. A sanar tun a takardar gayyata abin da wasan ya ƙunsa, domin a Maiduguri ko Damaturu ko Yola, kai har Kano da Kaduna, akwai yiwuwar wadda ke zaune a layi na uku ta yi rayuwar sansanin da kanta.

Kafin a yanke shawara kan kowanne, a yi gwaji ɗaya mai sauƙi. A tara ƙungiya, a raba rawa, a karanta wasan da ƙarfi daga farko zuwa ƙarshe ana duba agogo. Abin da aka samu a ƙara masa kashi ɗaya cikin uku saboda shiga da fita da motsi, in kuma za a fassara a sa ran zai ƙara tsawo, domin gaisuwa da ladabin Hausa suna cin lokaci, musamman a fada. Sai a gwada da lokacin da ake da shi. Wasan yamma yana tsakanin la'asar da magariba ne. In an fara ƙarfe huɗu da rabi a watan Disamba, abin da ke hannu bai wuce sa'a ɗaya da rabi ba, kuma da an kira salla zaure zai watse ko da saura fitowa ɗaya. Embers da Pari ana iya matse su su shiga wannan tazara. Attahiru da wuya, gara a kai shi bayan isha'i, wanda ke nufin fitilu da janareta da izinin hukumar makaranta na taron dare.

Makonnin gwaji ma sun bambanta. In ana haɗuwa sau huɗu a mako, sa'o'i biyu kowane zama, Pari da Embers suna nuna cikin mako shida. Attahiru yana son takwas zuwa goma, kuma ba don zancensa ya fi wuya ba, sai don tara mutum ashirin a lokaci guda a tsakiyar zangon karatu aiki ne. Dabarar ita ce a raba su: 'yan fada ranarsu daban, Turawa daban, talakawa daban, a haɗa su a makonni uku na ƙarshe. Kowane wasa aka zaɓa, a ajiye takarda a ƙarshen mako na uku. Wanda bai haddace ba a lokacin, a ba mataimakinsa.

Sauti ya fi haske kashe wasa. Makirfo na hannu da ake miƙa wa juna ya dace da taron siyasa, a wasan kwaikwayo yana ɗaure hannu yana kashe saurin amsa. Pari a ƙaramin zaure mai cin mutum ɗari da hamsin ba ya bukatar makirfo sam, in an horar da 'yan wasa su yi magana da layin ƙarshe. Irin gidan wasan nan mai ginin laka na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda Steven Ehrlich ya zana a shekarun 1970, inda 'yan kallo ke dab da 'yan wasa, shi ne asalin wurinsa. Embers a fili yana son makirfo na maƙalawa ga manyan 'yan wasa huɗu ko biyar, da sabon batir a kowane nuni, kuma a maƙala shi a wajen hijabi ko mayafi, in ba haka ba ƙarar gogar yadi kawai za a ji. Attahiru ya fi dacewa da makirfo uku da aka rataye ko aka jera a bakin dandamali, tunda ba za a iya saya wa kowa nasa ba. Janareta a kai shi bayan gini, taku talatin ko fiye, a gwada shi da dukan fitilu da lasifika a kunne kwana ɗaya kafin ranar.

Akwai kuma izini, wanda ƙungiyoyi da yawa ke tsallakewa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba marubuci iko kan nuna wasansa a bainar jama'a da kuma fassara shi, har tsawon rayuwarsa da shekara 70 bayan rasuwarsa. Sayen kwafi ɗaya a ɗauki hoton shafukansa a raba bai ba kowa wannan iko ba. A rubuta wa marubucin ta hannun mawallafinsa (wasannin Yerima kamfanin Kraft Books na Ibadan ne ke buga su), a faɗi wurin, da yawan nuni, da ko za a karɓi kuɗin ƙofa, da ko za a fassara ko a rage wani sashe. Sa bidiyon a YouTube izini ne daban, a roƙe shi a takarda ɗaya. A aika tun kafin a fara gwaji, kada a bari sai an buga fosta.

To wanne? Ƙungiyar da ke da mata da yawa, kuɗi kaɗan, da fili maimakon zaure, ta ɗauki Embers, ta kashe ƙarfinta kan fassara da aikin hannu. Wadda ke da 'yan wasa biyu ko uku da ta amince da su ƙwarai, da ƙaramin zaure, da 'yan kallo manya, Pari zai fi ba ta suna, kuma a ganinmu shi ne mafi ƙarfin ukun idan ya faɗa hannun da ya dace. Attahiru na sashen jami'a ne mai kasafi, ko bikin da wata masarauta ko hukumar al'adu ta tsaya masa. Yin sa da mutum goma sha biyu da rawunan atamfa ya fi rashin yin sa muni. Makarantar sakandare kuwa, Pari da Embers sun yi wa 'yan aji uku nauyi. Gara malami ya ɗauki fitowar fada ɗaya daga Attahiru ta minti ashirin don ranar bikin al'adu, ko ya koma kan Kulɓa na Ɓarna, wanda labarin attajiri mai yaudarar 'yan makaranta da kuɗi har yau bai tsufa ba, a sabunta tufafi a sa wa Alhajin waya a hannu.